Daren da Baffa ya fasa mini sunan tsamiya

A shekarata ta uku a jami'a, a sashen nazarin tsirrai, malaminmu ya ba mu aikin da zai ci zango biyu. Kowane ɗalibi zai tattaro tsirrai 40 daga yankinsu, ya danne su, ya busar, ya manna kowanne a farar takarda mai kauri, sannan ya liƙa masa takardar shaida a kusurwar ƙasa ta dama. A jikinta za a ga danginsa, da sunansa na kimiyya, da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da inda aka samo shi, da ranar da aka tsinko, da wanda ya tsinko. In an gama, ka tsaya gaban malamai su zaro duk wadda suka ga dama su tambaye ka a kanta.

Shiga daji bai dame ni ba. A ƙauye na tashi, a ƙasar Zazzau, na san kanya da ɗinya tun kafin in san biro. Sunayen ne damuwata. Shekara biyu ina haddace su kamar lambar waya, in zuba a takardar jarrabawa, bayan mako guda su bi iska. Ban taɓa kawowa a raina cewa kalmomi ne masu ma'ana ba. Na ɗauka wani sauti ne Turawa suka ƙaga don su bambanta wannan da wancan.

Hutun ya faɗo a tsakiyar damina. Na sa kafinta ya yanko mini katako biyu masu faɗi, na tara tsofaffin jaridu da kwalaye, na yanko robar tayar keke don ɗauri. Ka'idar ita ce ka yanko reshe mai ganye da fure, ko mai 'ya'ya in da hali, ka shimfiɗa shi tsakanin jaridu, ka kifa ganye ɗaya ko biyu don bayansu ya fito, ka ɗora kwali, ka sake jera wani, har su yi tsibi, sai ka matse da katako ka ɗaure tam. Malam ya ce a riƙa canza jarida kullum. Na yi kwana huɗu ban canza ba saboda noman gonarmu, da na kwance sai na tarar fumfuna ta cinye goma sha ɗaya. Ganyen kuka ya fi kowanne lalacewa, ya yi baƙi ya manne da takarda saboda yauƙinsa. Dole na koma na sake tsinkowa. Daga nan na mai da abin danniyar kusa da murhun Inna, inda ɗumi ke kai masa, kuma ban ƙara tsallake rana ba. Tumfafiya ma ta koya mini hankali: farin ruwanta in ya shiga ido akwai matsala, sai ka bari ya tsane kafin ka danne.

Wani dare ina zaune a zauren Baffa, wan mahaifina, ina bitar sunaye da fitila. Baffa malamin zaure ne, ya yi shekaru yana karantar da nahawu da sarfu, bai taɓa zama a ajin boko ba. Ina karantawa a fili, na zo kan tsamiya na ce Tamarindus indica. Ya ɗago kai.

"Maimaita, ɗana."

Na maimaita.

"Ai wannan Larabci ne. Tamrun hindi. Dabinon Indiya ke nan. Haka Larabawa ke kiran tsamiya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, an ce mana Latin ne."

Ya ce, "To, Latin ɗin aro ya yi. Kalma ba ta faɗowa daga sama. Ka cire mata riga ka ga asalinta, yadda muke yi a sarfu."

Da na koma makaranta na je ɗakin karatu na duba, sai ga shi kamar yadda ya faɗa. Sunan ma sau biyu ya ambaci Indiya, a kalmar farko da ta biyu, alhali yawancin masana suna ganin asalin tsamiya Afirka ne, tun da daɗewa aka kai ta can. Turawa a hannun Larabawa suka san ta, Larabawa kuma daga Indiya suke sayo ta, sai sunan ya bi hanyar fatauci ya bar mahaifa. Mu kuwa da ɗanɗano muka raɗa mata suna: tsamiya, mai tsami, kamar yadda muka ce maɗaci saboda ɗaci.

Tun daga ranar na canza yadda nake aikin. Na sayi littafin rubutu na ware wa kowane tsiro shafi guda, na raba sunansa gaɓa-gaɓa, ina bin kowace gaɓa a ƙamus ɗin Latin da Girkanci na masu nazarin tsirrai. Tsarin sunan kansa ba wuya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita shi a 1753: kalma biyu, ta farko sunan gida, ana fara ta da babban baƙi, ta biyu sunan mai shi, da ƙaramin baƙi. In da hannu ka rubuta, ka ja wa kowace layi a ƙasa. Harafin "L." da ke bin wasu sunaye a baya, shi ne Linnaeus ɗin, alamar shi ya raɗa. Sauran gajerun sunayen da ke wurin su ma na masu raɗi ne.

Cikin mako biyu na gane cewa 'yan gaɓoɓi kaɗan ne ke ta dawowa. In ka ga -ensis a ƙarshe, wuri ake nufi, shi ya sa sabara da maɗaci duk suke senegalensis. In ka ga -fera, mai ɗauke da wani abu ne: zogale Moringa oleifera, mai ɗauke da mai, kuma duk wanda ya taɓa matse irinsa ya san gaskiya ne. Folia ganye, hirta mai gashi, nitida mai sheƙi, kamar ganyen goro, Cola nitida. Wanda ya fi faranta mini rai shi ne na gyaɗa da gurjiya. Gyaɗa Arachis hypogaea, gurjiya Vigna subterranea. Na daɗe ina ganinsu kamar ba abin da ya haɗa su, ashe magana ɗaya suke yi, "ƙarƙashin ƙasa", ɗaya da Girkanci ɗaya da Latin. Kuka kuma Adansonia digitata: digitus yatsa ne. Na ɗauko busasshen ganyen da na sha wahala a kansa na ɗora tafin hannuna a gefe, ga yatsu nan a baje. Ban sake mance wannan sunan ba, kuma ban haddace shi ba.

A tsakiyar zangon zazzaɓi ya kwantar da ni. Takardar gwajin jini ta zo da Plasmodium falciparum, kuma da na samu sauƙi sai na ga hannuna ya kai ga ƙamus da kansa. Falx lauje ne, sauran gaɓar kuma daga kalmar haihuwa. A wani mataki na rayuwarta a cikin jini, ƙwayar cutar tana lanƙwashewa kamar lauje ko jinjirin wata, kuma da wannan siffa masu duba jini a madubin ƙara girma suke gane ta. Sauron da ke yaɗa ta, Anopheles, da Girkanci "marar amfani" ke nan. Ita kanta kalmar maleriya daga Italiyanci take, "mummunar iska", tun zamanin da ake zaton tururin fadama ne ke kawo ciwon. An gano sauro ne, amma sunan ya zauna da kuskurensa.

Ƙuduji na daɗe a kansa, don shi ne ya hana gonar dawarmu ta gabas yin abin kirki shekara da shekaru. Wasu na ce masa wuta-wuta. Sunansa Striga hermonthica, kuma striga ana fassara ta da mayya. Na ga dacewar wannan suna fiye da kowanne. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya na zubar da dubbai, suna iya kwanciya a ƙasa shekaru ba su tsiro ba sai sun ji ruwan da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Sai su kama saiwar su yi ta tsotsa a ɓoye. Kafin manomi ya ga kyakkyawan furen nan a sama, an riga an shanye dawar daga ƙasa. Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Ashe su ma sun san halinsa." Rabin sunan na biyu kuwa wani tsohon gari ne a bakin kogin Nilu a Masar, Hermonthis, wanda yau ake kira Armant.

Nan na lura da yawan Masar a cikin tarina. Aduwa Balanites aegyptiaca. Goruba Hyphaene thebaica, daga tsohon birnin Thebes. A bayan sunan aduwa da na ƙuduji da na gawo kuma suna ɗaya ke fitowa, Delile, wani Bafaranshe masanin tsirrai da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798. Wato sunan wuri a cikin sunan kimiyya ba ya nufin nan ne mahaifar tsiro. Sau da yawa yana nuna inda Bature ya fara cin karo da shi ne kawai. Aduwar da ke bayan gidanmu ba ta san Masar ba. Ga darbejiya dai sunan ya faɗi daidai, Azadirachta indica, don daga can aka kawo mana ita, kuma kalmar farkon Farisanci ce, azad dirakht, 'yantacciyar bishiya. Kurna kuma Ziziphus spina-christi, ƙayar Almasihu, saboda akwai Kiristocin da suka yi imani da ƙayarta aka saƙa rawanin da labarinsu ya ambata. A nan ma sai da na gyara kuskure, don na haɗa takardar kurna da ta magarya. Bayan ganyen magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne sumul. Dalilin kifa ganye ɗaya ke nan tun wurin danniya.

Gawo bai shiga tarina ba sai da hunturu. A watan Agusta na je gindinsa na tarar da ƙaya da rassa tsirara, abin da kowane ɗan ƙauye ya sani: gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore lokacin da kowa ya bushe. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, ba ya tare masa rana, ga takin ganye da na dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Na koma a Disamba na samo shi da ganye da fure. Sunansa Faidherbia albida. Albida mai fari-fari ne, saboda launin rassansa, wannan ba laifi. Kalmar farkon ce ta tsaya mini a rai. Louis Faidherbe gwamnan mulkin mallakar Faransa ne a Senegal tun daga 1854, sojan da ya shimfiɗa musu mulki da bakin bindiga. Shi ne ya yaƙi Shehu Umarul Futi a 1857, Shehu Umarun nan da ya zauna a Sakkwato shekaru har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A 1934 wani masani Bafaranshe, Auguste Chevalier, ya cire gawo daga gidan Acacia ya buɗe masa gida nasa shi kaɗai, ya sa wa gidan sunan wannan mutum. Itacen da ya fi kowanne tausayin talaka a ƙasar Hausa, duk duniya da sunan mai cin ƙasa take kiransa. Na rubuta shi a takardar shaida don haka ka'ida ta ce, amma raina bai so ba, kuma har yau bai so ba.

Na kai wa Baffa wannan magana a hutun ƙarshen shekara. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanda ya riƙe alƙalami shi ke raɗa suna. Kai dai ka rubuta gawo a ƙasansa da kyau, yadda za a iya karantawa."

Ɗorawa ta sa na jira har ƙarshen Fabrairu. Parkia biglobosa: bi biyu, globosa mai siffar ƙwallo. Na sha ganin jan furenta yana lilo kamar tuntun hula, amma ban taɓa duba shi da idon basira ba sai da sunan ya aike ni. Na sa ƙanena ya hau ya tsinko, na riƙe a hannu, sai ga shi kuwa: babban ƙwallo a ƙasa, da wani ɗan ƙarami a samansa wajen mariƙi. Shekara ashirin ina shan garin ɗorawa, ina cin daddawar kalwarta, ban ga wannan ba. A nan na yarda cewa masu raɗa sunayen nan, duk abin da ke tsakaninmu da su, sun kalli abin da kyau. Danne furen kuwa aiki ne, sai da na tsaga shi biyu da reza kafin ya kwanta. Parkia kuma Mungo Park ne, ɗan Sukotlan da ya bi kogin Kwara ya mutu a Busa a 1806, tsohuwar Busa da ruwan madatsar Kainji ya shanye. Wani masanin tsirrai, Robert Brown, shi ya sa sunan a 1826, lokacin da yake nazarin tsirran da tawagar wani Bature matafiyi, Clapperton, ta kwaso, tawagar da ta ratsa Borno, shi Clapperton ya kai har Kano da Sakkwato a 1824.

Mungo Park ya so ya samu itace na biyu a tarina. A tsohon littafin da na fara dubawa, kaɗanya Butyrospermum parkii ce, ga sunan Park nan a kalma ta biyu, na rubuta haka. Mai kula da ɗakin adana busassun tsirrai, wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, ya duba ya girgiza kai ya ce in sake takarda, sunan da ke aiki yanzu Vitellaria paradoxa ne. Dokar ita ce sunan da aka fara bugawa bisa ka'ida shi ke da gida, kuma Vitellaria ya riga wancan da shekaru masu yawa. Na ji zafin wannan, don Butyrospermum na nufin iri mai man shanu, kuma babu mace mai dakan man kaɗe da za ta ce an yi ƙarya. Ya kuma sa na gyara bagaruwa daga Acacia nilotica zuwa Vachellia nilotica, saboda taron masana tsirrai na duniya ya bar wa itatuwan Ostireliya sunan Acacia, aka tabbatar da hukuncin a Melbourne a 2011. Na ce masa, "Baba, to ina amfanin sunan da aka ce ba ya canzawa?" Ya ce in kirga masa sunayen darbejiya. Na ce darbejiya, dogon yaro, maina, bedi. Ya ce, "Wannan a Hausa kaɗai. Nasu in ya canza, ana rubuta dalili da shekara, kowa ya bi sawu." Ban da amsa, na sake takardun.

Shi ne kuma ya ɗauko mini wani ɗan tsohon littafi na 1916, ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da wani likita ɗan Sukotlan, J. M. Dalziel, ya tattara lokacin da yake aiki a Arewa. Hano, itacen da ake turare da ƙaronsa, sunansa yake ɗauke da shi, Boswellia dalzielii. Na yini ina buɗa shafukan ina ganin kalmomin da na saba ji a bakin Inna da mafarautan garinmu, kowace da Latin a gefenta. Likitan ya yi aiki, ba na tauye masa. Amma kowane suna a ciki wani ne ya faɗa masa: manomi, ko mai magani, ko makiyayi, ko tsohuwa mai tsinko ganyen miya.

Saura tsiro biyu in cika 40, sai Baffa ya ce in bi shi dajin da ke yamma da gari. Bazara ta kusa, ya kai ni inda doka ta yi sabon ganye ja mai sheƙi, busassun kwansonta suna fashewa da ƙara a cikin zafin rana suna watsa iri. Ya nuna mini reshen da zan yanka. Da na dawo makaranta na buɗe littafi don neman sunanta, sai na ga Isoberlinia doka. Na sake dubawa. Na ɗauko ƙamus ɗin Latin na nemi doka, babu. Na nemi na Girkanci, babu. Ba rigar da zan cire mata, kalmarmu ce tsirara, an ɗauke ta yadda take an ajiye a cikin sunan da masana a kowace ƙasa suke rubutawa. Kalmar farkon tana tuna wani ɗalibin Linnaeus mai suna Berlin, ta biyun kuwa daga bakin wani Bahaushe ta fito, wanda aka nuna wa itace aka ce mene ne wannan, ya ce doka.

Na ruga wurin dattijon nan da littafin a hannu. Ya yi murmushi ya ce akwai wata. Ya buɗe wata ma'ajiya ya zaro takarda mai ɗauke da wata siririyar ciyawa: Digitaria iburua. Iburu, ɗan'uwan acca, wanda ake nomawa a tsaunukan Filato da kudancin Kaduna. Otto Stapf na lambun Kew a Ingila ne ya sa sunan a 1915, ya ƙara wa kalmar "a" guda don ta zauna a Latin. Digitaria kuma yatsun nan ne na kuka suka dawo, saboda yadda zangarniyarsa ke rabuwa. Ya ce irin wannan ba a Hausa ya tsaya ba: Khaya na maɗaci da Guiera na sabara daga sunayen da mutanen Senegal ke kiransu aka ɗauko su.

Ranar tsayawa gaban malamai, su uku ne. Suka zaro nonon kurciya, na ce Euphorbia hirta, mai gashi, gidan kuma sunan Euphorbus ne, likitan wani sarki Juba na arewacin Afirka a zamanin Rumawa. Suka zaro gyaɗa, suka zaro gawo, na faɗi abin da na sani har da abin da ke raina game da shi, ba wanda ya katse ni. Daga ƙarshe malaminmu ya ɗago takardar doka ya tsura mata ido, don na ƙara layi guda da ba ya cikin tsarin da ya ba mu. A ƙarƙashin "wanda ya tsinko" na rubuta "wanda ya nuna", na sa cikakken sunan Baffa da na garinmu. Ya tambaye ni wane ne. Na gaya masa, har da labarin tamrun hindi. Ya ce a bar layin, ya kuma ware takardar cikin guda shida da za a ajiye a ɗakin adanawa na sashen.

Iburu ne ban samu na kaina ba, don ba a noma shi a wajenmu. Wani abokin karatuna ɗan kudancin Kaduna ya ce kakarsa na shuka shi a bayan gida, mun yi da shi in kaka ta yi zan bi shi da katakona da jaridu.